Hasumiyar Fitila ta Barra a Gaɓar Bahia

Hasumiyar Barra, wadda ake kira Farol da Barra da harshen Fotugis, tana birnin Salvador na jihar Bahia a ƙasar Brazil, a bakin mashigin ruwan Todos os Santos, inda jiragen ruwa ke barin Tekun Atlantika su shiga tasha. Tana cikin hasumiyoyin fitila mafi daɗewa a nahiyar Amurka baki ɗaya.

Hatsari ne ya zama sanadin gina ta. A shekarar 1668 wani babban jirgin ruwan Fotugal mai suna Santíssimo Sacramento ya ci karo da tudun ƙarƙashin ruwa daf da birnin, ya nutse da ɗaruruwan mutane. A lokacin Salvador ce hedikwatar mulkin mallakar Fotugal a Brazil, kuma daga tasharta ake fitar da sukari da taba, saboda haka hukuma ba ta ga ta zama ba. A shekarar 1698 aka kunna fitila a kan wata hasumiya cikin ganuwar sojoji ta Santo Antônio da Barra, ana zuba mata man da ake samu daga kitsen manyan dabbobin teku.

Hasumiyar da ke tsaye yanzu ba ita ce ta farko ba. An buɗe ta ranar 2 ga Disamba, 1839, tsayinta mita 22, an yi mata fenti layi-layi, baƙi da fari, domin matuƙa su shaida ta da rana. Da dare kuwa yanayin walƙiyarta, fari da ja, shi ke bambanta ta da sauran. An sa mata lantarki a 1937. Rundunar sojojin ruwan Brazil ce ke kula da ita, ganuwar kuma ta zama gidan tarihin sufurin teku na Bahia.

Ta wannan mashigi ne jiragen bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma suka riƙa shigowa, cikin waɗanda aka kawo har da Hausawa, waɗanda suka taka rawa a boren bayi na Bahia a farkon ƙarni na 19.

Daga baya an ƙara wasu hasumiyoyi a gaɓar jihar: ta Morro de São Paulo a 1855, ta tsibiran Abrolhos masu haɗarin duwatsun murjani a 1861, sai ta Itapuã mai launin ja da fari a 1873.