Ba kowane jini a fitsari ne tsargiya ba

A nan Mai Wurno da ƙauyukan Jazira a Sudan, in fitsarin yaro ya sauya launi sai a ce tsargiya ce, tunda kullum yaranmu suna cikin kogi da tur'a, wato magudanar ban ruwan gonaki. Wata uwa ta kawo min ɗanta mai shekara bakwai, fuska a kumbure, idanu da ƙyar suke buɗuwa. Ta ce, "Malama, maganin tsargiya za ki ba shi." Na duba kwalbar fitsarin: launin shayi ba madara, ga kumfa. Jinin tsargiya ja ne, daga mafitsara yake, yakan ɗigo a ƙarshen fitsari. Na ce, "Yaya, ya yi ciwon maƙogwaro kwanan baya?" Ta ce mako biyu ke nan, har ya warke.

Wannan alamar kumburin matatan ƙoda ce, ba tsargiya ba. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kamar rariya, suna zubar da datti su riƙe jini da furotin. Idan ƙwayar cutar bakteriya da ake kira sitiref ta kama maƙogwaro, ko ta shiga ƙurajen ƙazuwa da aka sosa, garkuwar jiki takan yaƙe ta, sai tarkacen yaƙin ya maƙale a matatan su kumbura. Daga nan jini da furotin su tsiyaye cikin fitsari, ruwa da gishiri su taru a jiki, fitsari ya ragu, jini ya hau. Na maƙogwaro yakan fito bayan mako 1 zuwa 3, na fata 3 zuwa 6. Wannan tazarar ce ke ɓatar da iyaye.

A manya kuwa, ciwon hanta na B da C, ƙanjamau da tsargiyar hanji ma suna jawo kumburin matatan ƙoda, sau da yawa a ɓoye.

Ido kaɗai ba ya rabewa. Ana auna hawan jini, a tsoma tsinken gwaji a fitsari, a duba shi a madubin likita: ƙwan tsargiya ne ko dunƙulen jini daga ƙoda? Gwajin jini yana nuna kiriyatinin (dattin da ke taruwa in ƙoda ta gaza), da ASO (alamar an kamu da sitiref), da C3, wani furotin na garkuwar jiki wanda kan sauka ya dawo cikin mako 6 zuwa 8. In bai dawo ba, likita zai iya tsakuro ɗan naman ƙoda da allura.

Yawancin yara suna warkewa sarai, amma hawan jinin na iya sa yaro jijjiga. Don Allah a rage gishiri, a ajiye jiƙo da maganin zogi diklofenak, a kawo shi ranar da aka ga kumburin, da fitsarin safe a kwalba mai tsabta.