Numfashin ƙwayar halitta da tsimuwa: yanda abinci ke zama ƙarfi

Numfashin ƙwayar halitta shi ne hanyar da kusan kowace ƙwaya a jikin mai rai, wato ƴan mitsi-mitsin tubalan da aka gina jiki da su, take bi ta farfasa abinci, musamman sukarin gulukos, ta fitar da ƙarfin da ke daskare a cikinsa. Ba shi ne numfashin da ake ja da hanci ba, wancan aikinsa kawo iskar oksijin da fitar da kabon dayoksaid ne kawai, ainihin aikin kuwa can cikin ƙwaya ake yinsa. Ƙwaya ba ta iya amfani da sukari kai tsaye, sai ta juya ƙarfinsa zuwa wani ɗan sinadari da ake kira ATP, shi ne take kashewa in za ta motsa tsoka ko ta aika saƙo a jijiya ko ta gina sabon nama. Jiki kuma baya tara shi da yawa, yana yi yana kashewa yana sabuntawa, har an ƙiyasta cewa abin da mutum ke sabuntawa a yini ɗaya ya kai kusan nauyin jikinsa.

Matakin farko sunansa gilaikolisis, a cikin ruwan ƙwaya ake yinsa kuma baya buƙatar oksijin. Gulukos mai kabon 6 ana tsaga shi gida biyu, kowane ɓari mai kabon 3, ana ce masa fairubet. Ribar a nan ATP 2 ce kacal. Amma akwai wani ɗan dako mai suna NAD da yake kwashe elektiron, wato ƴan mitsi-mitsin abubuwa masu cajin lantarki, da aka cire daga sukarin, kuma a riƙe shi a rai domin labarin tsimuwa gaba ɗaya a kansa ya rataya.

In akwai oksijin, fairubet sai ya shige maitokondiriya, wani ɗan sashe a cikin ƙwayar mai bango biyu, a nan ake ƙarasa farfasa shi a wani zagaye da Hans Krebs ya bayyana a 1937, wanda ya ba shi kyautar Nobel a 1953. Kabon ɗin duk yana fita a matsayin kabon dayoksaid, wato iskar da muke fitarwa daga abincin da muka ci ta fito. Sai ƴan dako su kai elektiron bangon ciki na maitokondiriya inda ake miƙa su hannu da hannu daga wannan furotin zuwa wancan, kuma a cikin miƙawar ana amfani da ƙarfin wajen tura furoton, wato haidurojin da aka cire wa elektiron, zuwa ɗaya gefen bangon har su taru kamar ruwa a bayan madatsa, in sun nemi dawowa babu hanya sai ta cikin wani ɗan inji da yake juyawa da gaske, juyin nan nasa shi ke ƙera ATP. Peter Mitchell ne ya kawo bayanin cewa taruwar furoton ɗin nan ce ke sa a ƙera ATP a 1961, da farko masana da yawa ba su yarda ba, sai ga shi ya karɓi Nobel a 1978. Gaskiya a duk ilimin halittu da wuya a sami abin da ya fi wannan ban mamaki. Oksijin yana can ƙarshen layi ne, ya karɓi elektiron ya haɗu da haidurojin ya zama ruwa. Shi yasa gubar sayanaid ke kisa da sauri, wannan matakin na ƙarshe take toshewa. Jimillar riba daga gulukos ɗaya ATP 30 zuwa 32, tsofaffin littattafai suna cewa 36 ko 38.

To in oksijin ya yi ƙaranci fa? Layin ya tsaya, NAD ya cika da kaya babu inda zai sauke, gilaikolisis ma zai tsaya in ba a samu mafita ba. Tsimuwa ita ce mafitar. Ba ta ƙara ATP ko ɗaya, aikinta kawai ta sauke wa NAD kaya ya koma ya ɗauko wani, sai ribar nan ta 2 ta ci gaba da shigowa. A tsokar mutum lokacin gudu mai tsanani ana sauke kayan a kan fairubet ya zama laktet, jini ya kai shi hanta ta maida shi sukari. Mutane na ɗora masa laifin ciwon jikin da ake tashi da shi washegari, amma ba shi ba ne, cikin awa ɗaya ko makamancin haka ya bar jini. Jajayen ƙwayoyin jini ma ba su da maitokondiriya, da wannan hanyar kaɗai suke rayuwa duk da su ne masu dakon oksijin.

Yis shi kuma barasa yake fitarwa da kabon dayoksaid, iskar ce ke kumbura ƙullun burodi ta bar ƴan ramukan da ake gani in an yanka shi, barasar kuma mafi yawanta ta tafi a zafin gashi. Bakteriyar da ke tsamar da madara laktik asid suke yi. Louis Pasteur ya nuna a 1857 cewa masu rai ne ke wannan aiki, sai a 1897 Eduard Buchner ya niƙe yis ya tace ruwansa babu ƙwaya mai rai a ciki, ya zuba sukari, kuma ya tsimu.