Ma'anar kalmar "naturisme" da abin da ake nufi da ita a gaɓar Bahar Rum

Duk wanda tafiya ta kai shi kudancin Faransa a watan Yuli ko Agusta, ya gangara bakin tekun Bahar Rum domin shan iska, yana iya cin karo da wani allo a gefen rairayi da aka rubuta wa "plage naturiste". Mai jin Faransanci sama-sama, kamar da yawa daga cikin 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, zai iya ɗauka cewa wuri ne da aka keɓe domin kare tsuntsaye da itatuwa, tun da ya ga kalmar "nature" a ciki, wadda ke nufin halitta yadda take kafin hannun ɗan'adam ya taɓa ta. Abin da allon yake sanarwa dabam ne. Yana cewa daga wannan iyaka zuwa gaba hukuma ta yarda mutane su tuɓe kayansu gaba ɗaya, maza da mata, tsofaffi da yara, su yi wanka, su kwanta shan hantsi kamar yadda uwa ta haife su.

Kalmar "naturisme" suna ne na aƙidar da ke bayan wannan ɗabi'a, mai binta kuma ana ce masa "naturiste". Harafi biyu ne kacal suka raba ta da "naturaliste", wato masanin da ke nazarin dabbobi da tsirrai, kuma wannan kusanci shi ke jefa masu fassara cikin kuskure. Akwai kuma kalma ta uku, "nudisme", wadda ma'anarta ta tsaya a kan tuɓe tufafi kawai. Masu aƙidar suna nacewa a kan bambancin, domin a wurinsu mai "nudisme" ya tuɓe ne don jin daɗin rana a fatarsa, alhali shi "naturiste" yana ganin tuɓewar wani ɓangare ne na tsarin rayuwa da ya haɗa da kula da lafiya, da sauƙin abinci, da kiyaye muhalli. A bakin talakan Turai dai kalmomin biyu sun zama ɗaya.

Ƙungiyar masu wannan aƙida ta duniya, wadda aka kafa a 1953 a garin Montalivet na Faransa, ta yi taro a Cap d'Agde, wani garin shaƙatawa a gaɓar kudancin Faransa, a 1974, inda ta tsayar da ma'anar da har yau ita ake kawowa. A taƙaice ta ce hanyar rayuwa ce da ta dace da halitta, wadda alamarta ita ce zama tsirara cikin jama'a, da niyyar mutum ya girmama kansa, ya girmama wasu, ya girmama muhalli. Bahaushe zai tsaya a kan kalmar girmamawa, domin a tunaninmu tsiraici da girma ba su zama inuwa ɗaya. To amma sai an gane cewa su da gaske suke faɗin haka kafin a fahimci sauran bayanin. Hujjarsu ita ce tufafi ne ke raba attajiri da lebura, shi ke sa wani ya raina wani, kuma shi ke sa mutum ya tsani jikinsa idan bai yi kama da na 'yan talla ba. Idan kowa ya tuɓe, in ji su, babu babban mutum babu ƙarami, kuma ido ya saba da ganin tumbi da tabon tiyata da yamushewar tsufa har ya daina ɗaukarsu aibi.

Asalin abin daga Jamus ne, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da masana'antu suka cika birane da hayaƙi, ma'aikata suka cunkushe a ɗakunan da rana ba ta shiga, tarin fuka da lanƙwashewar ƙasusuwan yara suka yawaita. Likitoci suka fara maganin wasu cututtuka da hasken rana da iska mai tsabta, wasu marubuta kuma suka ɗauki wannan suka mayar da shi kira na komawa ga halitta. Jamusawa suka raɗa masa suna "Freikörperkultur", wato al'adar sakin jiki, wanda ake taƙaitawa da haruffa uku, FKK. A 1920 aka keɓe bakin teku na farko domin haka a tsibirin Sylt da ke arewacin ƙasar, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'adar ta yi ƙarfi ƙwarai a Jamus ta Gabas, inda iyalai da yawa suka ɗauke ta abin yau da kullum a lokacin hutu.

A Faransa ma likitoci ne suka buɗe ƙofa. A 1931 wasu 'yan'uwa biyu, Gaston da André Durville, suka kafa ƙauyen Héliopolis, ma'ana birnin rana, a tsibirin Levant da ke cikin Bahar Rum. Da yake ƙasashen arewa sanyi ya fi yawa, a hankali masu aƙidar suka riƙa kwararowa kudu neman rana, har ƙasashen gaɓar tekun suka gane akwai kuɗi a ciki. Tsohuwar Yugoslabiya ta buɗe sansanin Koversada a 1961, a yankin da yanzu yake cikin Kuroshiya, Sifaniya kuma tana da Vera Playa a lardin Almería.

Babu inda ya kai Cap d'Agde suna a wannan fage. Yana cikin yankin Hérault, tsakanin biranen Montpellier da Béziers. A shekarun 1950 wasu manoma 'yan'uwan juna, René da Paul Oltra, suka lura baƙi na kafa tantuna kusa da gonarsu suna wanka tsirara, sai suka mayar da filin sansani na biya. A 1963 gwamnatin Janar de Gaulle ta ƙaddamar da gagarumin shirin raya gaɓar Languedoc, wadda a lokacin fadama ce cike da sauro, domin a riƙe masu yawon shaƙatawa da ke wucewa Sifaniya da kuɗinsu. A cikin wannan shiri aka gina sabon garin Cap d'Agde, kuma a 1973 aka amince a hukumance da bakin tekun masu tsiraici, mai tsawon kusan kilomita 2. Yau unguwa ce sukutum mai shinge da ƙofa, ba a shiga sai da katin izini da ake saya a ofishin da ke bakin ƙofar. A ciki akwai benaye na haya, da tashar ƙananan jiragen ruwa, da gidajen abinci, da kantuna, kuma idan hutu ya kankama dubun-dubatar mutane ne ke kwana a wurin.

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne yadda harkoki ke tafiya kamar a kowace unguwa. Za a ga dattijo ya fito da safe ba komai a jikinsa sai takalmin soso da hula, tawul a kafaɗa, ya bi layi a shagon burodi, ya zaro kuɗi daga 'yar jakar da ya rataya a wuya, mai shagon kuwa yana sanye da kayansa yana ba shi canji. Tawul ɗin nan doka ce, domin ba a zama a kan kujerar jama'a sai an shimfiɗa shi. Ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininsa, ba a ƙura wa mutum ido, ba a taɓa wani. Idan yamma ta yi, iska ta yi sanyi, yawancinsu sukan sa tufafi su fita cin abinci. Wanda ya shigo da kaya a jikinsa suna da sunan da suke kiransa da shi, "textile", wato mai yadi, kuma idan ya tsaya a bakin ruwa yana kallo ba tare da ya tuɓe ba, ana ɗaukarsa ɗan leƙen asiri, a nemi ya bar wurin.

Dokar Faransa ba ta sakar wa kowa mara ba. Sashe na 222-32 na kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 1 da tarar Yuro 15,000 ga wanda ya nuna batsa a inda jama'a ke gani, kuma wannan ya shafi cikin unguwar masu tsiraicin ma. A wurin da aka keɓe, tuɓewa kawai aka halatta.

A nan ne Cap d'Agde ya zama wurin gwada aƙidar da kanta. Ginshiƙin "naturisme" shi ne da'awar cewa ana iya raba tsiraici da sha'awa. Amma tun daga shekarun 1990 wasu mutane da ake kira "libertins", masu musayar abokan kwanciya, suka fara mamaye unguwar, gidajen rawa da shagunan kayan batsa suka yawaita, har wani ɓangare na bakin tekun ya samu laƙabin da ke nufin gaɓar aladu. Tsofaffin masu aƙidar, waɗanda suka saba zuwa da 'ya'yansu, sun daɗe suna kai kuka ga hukumar garin cewa an ɓata musu suna, wasu kuma sun koma sansanonin da suka fi tsanani. A ganina wannan rikici hujja ce babba. Na yarda cewa da yawa daga cikinsu ba neman alfasha ke kai su ba, kuma zalunci ne a yi musu kuɗin goro. Sai dai wurin da ya fi ko'ina shahara da aƙidar shi ne ya kasa tsare iyakar da ta ce za ta iya tsarewa, ko da yake akwai shinge da masu gadi da dokar ƙasa.

Harshen Hausa kansa yana nuna nisan da ke tsakaninmu da wannan tunani. Muna kiran tufafi sutura, daga tushen Larabci mai ma'anar rufewa, muna roƙon Allah rufin asiri, kuma idan an ce an yi wa mutum tsirara a kasuwa, ana nufin an zubar masa da mutunci ko da babbar riga ce a jikinsa. Musulmi ya san iyakar al'aura, wadda ga namiji take daga cibiya zuwa gwiwa, kuma Musulmi da Kirista duka sun san labarin Adamu da Hauwa'u da suka nemi ganye suka rufe jikinsu. Shi ya sa ba mu da kalma guda da ta yi daidai da "naturisme". Mai fassara da ya ce "yawo tsirara" ya kawo hoton mai taɓin hankali a bakin titi, wanda ya ce "son halitta" kuma ya ɓoye ainihin abin. Fassarar da ta fi kusa ita ce aƙidar zaman tsirara cikin jama'a.

Ɗalibi ko ɗan kasuwar da ya je Turai zai amfana da sanin alamomin. A Faransa "naturiste" ake rubutawa, a Sifaniya "playa nudista", a Jamus da Ostiriya da Kuroshiya kuwa haruffan FKK ne a jikin allo ko a fente a kan dutse. A bakunan teku da yawa babu shinge irin na Cap d'Agde, allon nan kaɗai ne iyaka, kuma mai tafiya a rairayi yana iya tsallake shi bai lura ba. A Jamus akwai ƙarin abin lura guda biyu: ɗakunan surace na jama'a, waɗanda suke kira sauna, galibi tsirara ake shigarsu maza da mata tare, sannan wasu gidajen karuwai sun ari haruffan FKK sun liƙa a ƙofarsu, abin da ƙungiyoyin masu aƙidar suke ƙi matuƙa.