Raunin Ji: Gwaji, Ganowa da Magani

Raunin ji shi ne raguwar ƙarfin jin sauti a kunne ɗaya ko duka biyun, tun daga wanda raɗa ce kawai ke kuɓuce masa har zuwa kurman da ko ganga aka kaɗa kusa da shi sai dai ya ji girgizarta a jiki. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, lafiyayyen kunne yana kama sautin da bai wuce desibel 20 ba, kuma idan kunnen da ya fi lafiya ba ya ji sai an haura desibel 35, raunin ya kai matsayin da ke hana mutum walwala. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 ne ke wannan matsayi, miliyan 34 daga cikinsu yara ne, kuma kusan kashi 80 cikin 100 suna zaune a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki.

Inda matsalar take

Sauti yana shiga ta ramin kunne ya bugi dodon kunne, wasu ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa girgizar zuwa kunnen ciki. A can akwai kokiliya, wata gaɓa mai naɗi irin na katantanwa, cike da ruwa, ɗauke da ƙwayoyin halitta masu siraran gashi kimanin 15,000. Su ne ke mayar da girgiza ta zama saƙon da jijiyar ji ke kai wa ƙwaƙwalwa.

Daga nan likitoci suka kasa raunin gida biyu. Na farko tsaiko ne a hanya: datti ya toshe rami, dodon kunne ya huje, ko ruwa ya taru a kunnen tsakiya. Galibin irin wannan yana warkewa da magani ko tiyata. Na biyu lalacewar kokiliya ce ko jijiya, kuma shi ne mai wuya, domin ƙwayoyin gashin nan idan suka mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Wani kuma yakan haɗa duka biyun.

Abubuwan da ke jawo shi

Akwai gado, wanda yakan fi bayyana a dangin da ake yawan auren zumunci, duk da cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da ake haifa kurame iyayensu masu ji ne. Akwai haihuwar bakwaini, doguwar naƙudar da ta hana jariri iska, da shawarar jarirai mai tsanani. Akwai tsufa, da ƙara mai yawa: wanda ke wuni a gaban injin niƙa ko janareta ba tare da toshe kunne ba, jinsa na zaizayewa a hankali, domin sa'a 8 a desibel 85 ita ce iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka gindaya. Allurai irin su jentamisin da sitireftomisin ma suna kashe ƙwayoyin gashin idan aka yi su barkatai.

A ƙasar Hausa cututtuka masu yaɗuwa ne suka fi ɗaukar hankali. Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suna cikin yankin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, kuma kurumta na daga cikin abubuwan da cutar ta fi bari ga wanda ya tashi. Annobar 1996 ta bar irin waɗannan yara da yawa. Ƙyanda da hangum suna yin haka, sannan kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke daga zazzaɓin Lassa sukan samu matsalar ji. Ciwon kunne mai zubar da mugunya, wanda ake ɗauka ƙaramin abu ana ɗiga masa mai ko ruwan ganye, yana cin ji sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara ana iya kauce masa, kuma wannan ne abin da ya fi ciwo a duk lamarin. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010, ya iso Nijeriya a 2011, ya karya lagon nau'in A na sanƙarau, ya kuma ceci kunnuwa masu yawa.

Gwajin tantancewa

Tsakanin jariri 1 zuwa 3 cikin kowane 1,000 ana haifarsa da raunin ji na dindindin, kuma ba a gane shi da ido. Jariri kurma yana kuka, yana murmushi, har gwaranci yakan fara a watannin farko. Shi ya sa iyaye kan kai shekara biyu ko uku ana cewa "ai nauyin baki ne, zai yi magana", alhali shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe suna wucewa.

Hanyoyi biyu ne suka sauya wannan. A 1978 David Kemp, masani a Landan, ya gano cewa lafiyayyar kokiliya tana mayar da wani ɗan amo idan aka aika mata sauti. A kan haka aka gina gwajin OAE: a saka ɗan bututu mai taushi a kunnen jariri yana barci, cikin minti ɗaya ko biyu na'ura ta nuna ko amon ya dawo. Na biyu shi ne ABR, wanda Jewett da Williston suka bayyana tushensa a 1971. Ana manna wayoyi a goshi da bayan kunne, a auna yadda jijiya da tushen ƙwaƙwalwa ke amsa sauti. Babu zafi a ko ɗaya. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a tantance kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Faɗuwa a gwajin farko ba hukunci ba ne, sau da yawa ruwan haihuwa ne bai gama fita daga kunnen ba, amma wajibi ne a koma.

Tsarin gwada kowane jariri kafin a sallame shi daga asibiti ya kafu a Amurka da Ingila. Inda mata da yawa ke haihuwa a gida kuwa, ba zai wadatar ba. Binciken Dakta Bolajoko Olusanya a Legas ya nuna ana iya yin gwajin a wurin allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, ma'aikatan lafiya na unguwa su gudanar da shi. Wannan dabara ta dace da Kano da Zinder ƙwarai.

Tabbatar da cuta

Likitan kunne, hanci da maƙogwaro yakan fara da leƙa kunne da fitila. Sai gwajin Rinne da Weber da ƙarfe mai amo, wanda ke nuna ko matsalar ta hanya ce ko ta jijiya. Babban gwajin ana yin sa ne a ɗaki marar hayaniya: a sa wa mutum abin sauraro, a riƙa aika sautuka daga masu kauri zuwa masu siriri, tsakanin hez (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) 250 da 8,000, yana ɗaga hannu duk sanda ya ji. Jadawalin da ke fitowa shi ake bi wajen saita na'urar taimaka wa ji. Raunin tsufa da na ƙara sukan fara cin sautuka masu siriri, shi ya sa dattijo zai ce yana jin murya amma kalmomin ne ba ya rarrabewa. A Nijeriya akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da sassan kunne a asibitocin koyarwa. Ɗaukewar ji farat ɗaya a kunne guda kuwa lamarin gaggawa ne, domin maganin siteroyid ya fi aiki ne a makonni biyun farko.

Na'urar taimaka wa ji

Makirfo ce ƙarama ke ɗaukar sauti, wani sashe ya ƙara masa ƙarfi, ɗan lasifika ya zuba shi cikin kunne. Ta farko mai amfani da lantarki Miller Reese Hutchison ya ƙera ta a 1898. Tiransisto ya ƙanƙantar da ita a 1952, masu kwamfuta a ciki kuma suka shiga kasuwa a 1996. Ta zamani ana saita ta daidai da jadawalin mai ita, ta ƙara sautukan da ya rasa kaɗai. A nan ta sha bamban da masu arahar da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda ke ƙara komai lokaci guda har su iya cutar da ragowar jin. Ga yara an fi amfani da mai ratayuwa a bayan kunne, a riƙa sauya robar cikin kunnen yayin da suke girma. Duk da amfaninta, kimanin kashi 17 cikin 100 ne kawai na masu buƙatarta ke amfani da ita a duniya. Tsada ce, da ƙarancin batir da masu gyara, da kunyar a gan ta a kunne.

Dashe

Idan kokiliya ta lalace sosai, ƙara sauti ba ya amfani. Dashen kokiliya yana tsallake matattun ƙwayoyin ya taɓa jijiya kai tsaye. Ana binne wani sashe ƙarƙashin fata a bayan kunne, a zura siririyar waya mai maɓallan lantarki 12 zuwa 22 cikin kokiliya. Sashen waje yana manne da maganaɗisu, shi ke mayar da sauti saƙon lantarki. Djourno da Eyriès ne suka fara gwada tsokanar jijiyar ji da lantarki a Faris a 1957. William House ya ci gaba a Los Anjeles daga 1961, sannan Ingeborg da Erwin Hochmair a Biyana a 1977 da Graeme Clark a Melbon a 1978 suka kawo mai maɓallan lantarki da yawa. Amurka ta amince da shi ga yara a 1990, kuma a 2020 aka sauko da shekarun zuwa wata 9. Zuwa ƙarshen 2019 an dasa fiye da 736,000 a duniya.

Tiyatar ce mafi sauƙi a cikin aikin. Ana kunna na'urar bayan makonni, sautin farko baƙo ne, kuma yaro na buƙatar shekaru na horon sauraro da magana, ga saiti akai-akai da kayan gyara masu tsada. Wanda ya kurumce bayan ya iya magana, da yaron da aka yi wa da wuri, su suka fi cin moriya. Bayan sanƙarau lokaci ya fi ƙurewa, domin kokiliya na iya cikewa da ƙashi cikin 'yan watanni har waya ta kasa shiga. Duk yaron da ya tashi daga cutar ya kamata a gwada jinsa kafin ya bar asibiti ko jim kaɗan bayan haka. Ga mai toshewar hanya da tiyata ba ta gyara ba, akwai na'urar da ake kafawa a ƙashin kai, wadda Anders Tjellström ya fara a Suwidin a 1977.

Maganar hannu

Ba kowane kurma ke ɗaukar kansa majinyaci ba, kuma da yawa sun soki yi wa yara dashe tare da hana su maganar hannu. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, Maganar Hannu, wanda Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano, makarantu irin ta Tudun Maliki kuma suna koyar da yaransu. Harshe ne cikakke mai nahawunsa, kuma ana iya ba yaro shi tun ranar da aka gano matsalar, ko za a sa masa na'ura daga baya ko ba za a samu ba.