Walƙiyar da ke gilmawa a ido kafin ciwon ɓarin kai

Wata baiwar Allah mai sana'ar ɗinki ta zo ɗakin shan maganin da nake aiki a cikin birni. Sai da ta bari layi ya ragu sannan ta matso, ta sassauta murya ta ce, "Malam, don Allah wata magana ce, ban faɗa wa kowa a gida ba, kada a ce iska ce ta taɓa ni."

Tana kan keken ɗinki da hantsi, za ta zura zare, sai ta nemi kafar allurar ta rasa. Tana ganin keken, tana ganin yadin, amma daidai inda ta ƙura wa ido babu komai. Can sai wani ɗan ɗigo mai ƙyalli ya bayyana a wurin, ya fara girma, ya lanƙwashe kamar lauje, bakinsa tsini-tsini kamar haƙoran zarto, yana rawa kamar kawalwalniya a kan kwalta da tsakar rana. Ta murza ido, ta wanke fuska, ta runtse idon gaba ɗaya, abin yana nan. Ya yi ta faɗi yana matsawa gefen hagu har ya fice. Ta ce bai wuce tsawon dahuwar shinkafa ba. Gani na dawowa sai kai ya ɗauka, ɓari ɗaya, yana sara kamar ana daka, zuciya na tashi, ko hasken taga ba ta son gani.

Na ce mata, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Abin nan yana da suna, kuma ba ke kaɗai ba ce." Na gwada mata hawan jini da suga, na tura ta ganin likita a babban asibiti, domin karon farko ne.

Abin da ta kwatanta shi ne sanarwar ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira maigiren, ita kuma sanarwar suna ce mata ora. Fiye da mutum biliyan 1 ne ke fama da ciwon ɓarin kai a duniya, mata sun ninka maza kusan sau 3, kuma yana bin jini, shi ya sa za ka tarar uwa tana yi, 'yarta ma tana yi. A cikin masu ciwon, kusan kashi 1 cikin 3 ko 4 ne ke samun wannan sanarwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake ganin mutanenmu sun rabu gida biyu, kuma duk biyun suna cutuwa. Wasu sanarwar ciwon kai ce kawai ke damunsu, amma tsoron makanta ko jifa ya hana su barci. Wasu kuma babbar cuta ce ke ƙwanƙwasa musu ƙofa, su ce ai gajiya ce, su sayi ƙwaya a kemis su kwanta.

Mai wannan sanarwa idonsa lafiya lau yake. Ido ɗaukar hoto kawai yake yi, wurin da ake karanta hoton yana can bayan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya. A shekarar 1941 wani masani Ba'amurke, Karl Lashley, wanda shi kansa yana fama da abin, ya riƙa zana siffar walƙiyar a takarda yana duba agogo, ya lissafa cewa wani abu ne ke tafiya a wannan sashe na ƙwaƙwalwa da saurin kusan milimita 3 a minti ɗaya. A 1944 kuma wani ɗan ƙasar Brazil, Aristides Leão, ya ga irin wannan tafiya a ƙwaƙwalwar zomaye. Duk wanda ya taɓa ganin wuta tana cin busasshiyar ciyawa a bayan gari zai gane shi. Gaban wutar harshe ne mai haske, bayanta toka. Haka ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke tashi su kunna a jere, sannan su yi lakwas na ɗan lokaci. Harshen wutar shi ne haƙoran zarton nan masu ƙyalli, tokar kuma ita ce gurbin da ba a gani. Bambancinsa da gobara shi ne nan babu abin da ya ƙone, ƙwayoyin suna farfaɗowa gani ya dawo yadda yake.

Daga nan ne dabara biyu suka fito, waɗanda nake roƙon kowa ya riƙe. Ta farko, da abin ya fara, ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ka duba, sannan ka rufe ɗayan ka sake dubawa. Sanarwar ciwon ɓarin kai tana nan ko da wane ido ka duba, har ma idan ka runtse duka biyun, tunda daga ƙwaƙwalwa take. Mutane da yawa sukan rantse cewa a idon hagu ne, alhali gefen hagun abin da idanu biyun ke kallo ne. In kuwa ka rufe ido ɗaya abin ya ɓace tas, to matsalar a cikin wancan idon take, kuma wannan wata magana ce daban. Dabara ta biyu, ka duba agogon wayarka. Sanarwa tana shigowa a hankali, tana yaɗuwa cikin mintuna, tana ɗaukar minti 5 zuwa 60, sannan ta wuce. Wanda ya zo asibiti da amsar waɗannan tambayoyi biyu ya yi wa likita rabin aiki.

Wani lokaci walƙiyar tana zuwa ta tafi ba tare da ciwon kai ya biyo baya ba, musamman ga waɗanda shekaru suka fara ja. Wasu kuma tasu sanarwar ba a gani kaɗai take tsayawa ba: yatsu su ɗauki tsira-tsira kamar tafiyar kiyashi, ta hau hannu ta kai leɓe, ko magana ta sarƙe na ɗan lokaci. Irin wannan in karon farko ne, ba a zama a gida a yi hasashe. Kamanninsa ɗaya da farkon shanyewar ɓarin jiki, kuma likita ne kaɗai zai raba su.

Yanzu ga inda hankalina ya fi tashi. Wani dattijo ɗan kasuwar Kantin Kwari ya taɓa ba ni labari cikin raha cewa idonsa na dama ya yi duhu ɗif kamar an saki labule, bayan minti kaɗan ya washe, sai ya ci gaba da auna yadi. Na ce, "Baba, yau ɗin nan za ka je asibiti, ba gobe ba." Duhun da ya faɗo wa ido ɗaya farat ɗaya, ba ƙyalli ba ciwo, yawanci jini ne ya tsaya wa idon na ɗan lokaci, kuma gargaɗi ne cewa shanyewar ɓarin jiki na iya biyowa cikin kwanaki. Washewar da ya yi ba waraka ba ce. Masu hawan jini da ciwon suga, da duk wanda ya haura shekara 50 bai taɓa ganin irin wannan ba, su ne suka fi bukatar jin wannan.

Haka wanda ya riƙa ganin walƙiya gajera a gefen ido ɗaya, kamar an ƙyasta ashana, tare da ɗige-ɗige baƙaƙe masu yawa da suka taso lokaci guda suna yawo kamar ƙudaje ko yanar gizo, sannan wata inuwa ta fara cin gefen ganinsa. Wannan alama ce ta cewa shimfiɗar da ke bayan ido, wadda ke ɗaukar hoto, ta yage ko tana ɓamɓarowa. Ya fi samun masu gilashin hangen nesa mai kauri, da waɗanda aka yi wa aikin yanar ido, da wanda ya bugu a ido. Ana gyara shi in an zo da wuri. Wanda kuma idonsa ya yi ja yana raɗaɗi, yana ganin bakan gizo kewaye da ƙwan lantarki, ga ciwon kai da amai, to hawan jinin ido ne mai tasowa kwatsam, yana iya cinye gani cikin ɗan lokaci. Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman a watannin zafi, na iya zama sanƙarau, wanda muka sani a Kano. Ciwon kan da ya faɗo kamar tsawa, wanda mutum bai taɓa jin irinsa ba, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko walƙiyar da ta haura awa ɗaya ba ta tafi ba, duk na gaggawa ne.

Mata masu juna biyu kuwa, don Allah iyayenmu mata da surukai ku saurara. Mace mai cikin da ya haura wata 5, ko mai jego a makonnin farko, ta ce tana ganin taurari ko dishi-dishi, kanta na sarawa, fuska da hannu sun kumbura, ko tana jin ciwo a saman ciki, wannan hawan jinin ciki ne har sai awo ya nuna akasin haka. Abin da ke biyo bayansa shi ne jijjiga, kuma duk wanda ya yi aiki a ɗakin haihuwa ya san yadda take ɗauke uwa da ɗa. Ko da ta saba da ciwon ɓarin kai tun tana budurwa, a gwada jininta a ranar. Ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa da daddare, a buga masa waya a hanya.

Akwai kuma maganar da ba kasafai ake yi ba, ta tazarar haihuwa. Macen da ke samun wannan sanarwa bai kamata ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin sinadari biyu ba, wato mai ɗauke da istirojin, domin haɗuwarsu tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Wannan ƙa'ida ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya. In an haɗa da sigari ko shisha abin ya ƙara muni. Ba a ce ki daina tazara ba. Akwai allurar wata 3, akwai ashanar hannu, akwai robar mahaifa. Ki dai buɗe baki ki faɗa wa ma'aikaciyar cewa kina ganin walƙiya kafin ciwon kai, ko ba ta tambaya ba.

In likita ya duba ya tabbatar ciwon ɓarin kai ne, sai maganar zama da shi. Kowa da abin da ke tayar masa. A garin nan na fi jin ƙishirwa da zafin watan Afrilu, da fita ba karin kumallo, da kwana ana latsa waya, da hasken rana mai kashe ido, da hayaƙin janareta, da ƙamshi mai ƙarfi irin na turaren wuta a ɗakin da ba iska. Mata da yawa nasu yana bin lokacin al'ada. Wanda ya saba da shayi kullum, ranar da bai samu ba kai na iya tashi. Da azumi kada a tsallake sahur, a rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da asuba maimakon a ɗura shi lokaci guda.

Da walƙiya ta fara, in kana tuƙa adaidaita sahu ko babur ko mota, ka gangara gefen titi ka tsaya har ta wuce. Rabin titi ne ba ka gani, kuma ba za ka san ba ka ganinsa ba. Ka sha ruwa, ka nemi wuri mai duhu da shiru. Maganin ciwo irin su parasitamol ko ibufurofen ya fi aiki in an sha da wuri, sai dai mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su nisanci ibufurofen sai da izinin likita. Kuma ga tarkon da mutane da yawa suka faɗa: shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana haifar da ciwon kai na kullum. Haɗin nan da ake ƙulla wa mutum a leda ba suna ba takarda, da tiramadol da kodin, ba maganin ciwon ɓarin kai ba ne, ƙara dagula shi suke yi. Wanda nasa ke yawan dawowa, akwai magungunan rigakafi da likita ke rubutawa a riƙa sha kullum, suna rage yawansa sosai.

Ban hana kowa addu'a ba, ni ma da ita nake kwana nake tashi. Roƙona shi ne kada a ɗiga komai a ido, ko ruwan ganye ko nonon mace ko maganin ɗigawa da wani ya rage, kuma kada a shafe mako uku ana hayaƙi alhali asibiti na kusa. A fara da ɗakin shan magani na unguwa a gwada jini da suga. In ido ɗaya ne, akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, da asibitin ido na Makka, da sashen ido na Asibitin Murtala. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suna Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya.

Mai ɗinkin nan ta dawo bayan wata biyu da littafin rubutu na ɗanta ɗan firamare. Likita ya duba bayan idonta ya ce lafiya, ya tabbatar mata ciwon ɓarin kai ne, an kuma sauya mata ƙwayar tazarar da take sha. A littafin ta rubuta ranaku uku, kowace da lokacin farawa da na ƙarewa: minti 20, minti 25, minti 20. A gefen ta biyu har ta zana laujen da haƙoransa. Muka bi ranakun ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi biyu daga ciki washegarin kwanan ɗinkin biki ne, ta hau keke da safe ba ta karya ba. Ta ce ta nuna wa mahaifiyarta zanen, tsohuwar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita ma tun tana amarya take ganin abin nan, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.