Mashayar masu neman jinsi na da ikon korar wanda ba nasu ba? Ga abin da dokar Birtaniya ta ce

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a WhatsApp, ta lafa ta sake tasowa, wai a Birtaniya an yi wa 'yan luwaɗi da maɗigo doka tasu ta daban. Wai su suna da ikon hana duk wanda ba nasu ba shiga mashayarsu, amma kai in ka hana ɗayansu shiga shagonka, a gidan yari za ka kwana. Kashi na farko na maganar ba gaskiya ba ne. Kashi na biyu kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, sai dai an zuba masa gishiri har ya fita hayyacinsa.

Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da ko mashayar kowa ba ma zuwa. Haka ne. Amma 'yan Afirka da yawa da ke Landan da Manchester da Birmingham aikin gadi suke yi, kuma kamfanin da ya ɗauke ka shi ke zaɓar ƙofar da za ka tsaya. Yau kanti, gobe filin ƙwallo, jibi kulob ɗin dare. Wanda ke tsaye a ƙofa shi ke furta "ba ka shiga", don haka shi ya fi kowa buƙatar sanin inda doka ta ja layi. Sannan dokar da ake wannan cece-kuce a kanta ita ce dai ke hana a kori mai hijabi ko mai gemu daga gidan abinci.

Sunanta Equality Act, wato dokar daidaito, ta shekarar 2010. Tana aiki a Ingila da Wales da Scotland, ita Ireland ta Arewa nata dokokin daban ne. Ta lissafa abubuwa 9 da aka hana nuna wa mutum bambanci a kansu: shekaru, naƙasa, sauya jinsi, aure, ciki da jego, launin fata ko ƙabila, addini ko aƙida, kasancewa namiji ko mace, da kuma jinsin da mutum ke sha'awa.

A na ƙarshen nan masu jita-jita suka yi tuntuɓe. Sun ɗauka dokar ta ce ne a kare 'yan luwaɗi. Sashe na 12 ba haka ya ce ba. Ya ambaci mai sha'awar jinsinsa, da mai sha'awar ɗaya jinsin, da mai sha'awar duka biyun, a jere, babu wanda aka fifita. Magidanci mai mata da 'ya'ya yana cikin inuwar sashen daidai da kowa. Sashe na 29 kuma ya hana duk mai sayar wa jama'a kaya ko yi musu hidima ya ƙi wani saboda ɗaya daga cikin waɗannan dalilai, in ban da aure. Mashaya kasuwanci ce da ke buɗe ga jama'a. Saboda haka idan mai gadi ya dubi namiji da budurwarsa ya ce musu nan wurin masu neman jinsi ne kawai, ku nemi wani wuri, an karya doka. Irin wannan bambanci na kai tsaye ba ya karɓar uzuri, ko da niyyar mai wurin ta alheri ce. Kuma ko kuskure aka yi, aka kori wani don "bai yi kama da nasu ba" alhali nasu ne, laifin yana nan, domin dokar ta haɗa har da bambancin da aka gina a kan zato.

To daga ina maganar ta samo asali? Ba daga iska ba. Wani abu ya faru a Ostireliya da ya zagaya duniya, mutane suka riƙe kansa suka yar da gangar jikinsa.

A watan Mayun 2007, wata mashaya mai suna Peel Hotel da ke unguwar Collingwood a birnin Melbourne ta je gaban kotun sauraren ƙorafe-ƙorafe ta jihar Victoria, ta nemi a ɗauke mata dokar hana wariya ta jihar. Mai wurin, Tom McFeely, ya kafa hujja da cewa birnin na da wurare sama da 2,000 da sauran jama'a za su je, nasa kuwa an buɗe shi ne don maza masu neman maza, amma ga shi gungun samari da ayarin ƙawayen amarya suna cika wurin, wasu na zagi da tsokana, wasu na kallon mutanen ciki kamar namun gidan zoo. Kotun ta amince. Ta ba shi izini na shekara 3 ya hana duk wanda ba namiji mai neman maza ba, wato har 'yan maɗigo izinin ya shafa, abin da masu yaɗa labarin ba sa faɗa. Lura da abu biyu. Sai da ya roƙa aka ba shi, domin ba tare da izinin ba korar haramun ce a can ma. Kuma izinin na mashaya ɗaya ne, na ɗan lokaci. Da aka zo sabunta shi a 2010 an rage masa kaifi, aka mai da hankali kan halin da mutum ya nuna maimakon tsare shi da tambayar wa yake nema. A Birtaniya kuwa babu ma kotun da mai mashaya zai je ya nemo irin wannan takarda.

Ni a ganina ragewar ta yi daidai. Ka kwatanta aikin mai gadi ƙarƙashin izinin farko. Ƙarfe 12 na dare, ana yayyafi, layi ya miƙe har kwana, shi kuma an ce ya tantance. Da me? Da tafiyar mutum, ko da askinsa, ko da kalar rigarsa? Ko ya tambaye shi a gaban jama'a wa yake kwana da shi? Duk dokar da ba ta aiwatuwa sai da duba ko tonon silili, da wuya ta yi wa kowa adalci, har waɗanda aka yi ta dominsu.

Amma kada a ɗauka koken masu irin waɗannan wurare shirme ne. A watan Afrilun 1999 an dasa bam mai ƙusoshi a mashayar Admiral Duncan da ke Soho a Landan, mutum 3 suka mutu. Mutumin da ya dasa shi, a cikin makonni biyun da suka gabata, shi ya tayar da bam a Brixton, unguwar baƙar fata, da Brick Lane, unguwar 'yan Bangladesh. Ɗaya daga cikin mamatan Soho mace ce mai juna biyu da ta je wurin tare da mijinta. A 2016 kuma an kashe mutum 49 a kulob ɗin Pulse a Orlando ta Amurka. Ga kuma matsin kasuwa: wani bincike na jami'ar UCL da ke Landan ya nuna fiye da rabin irin waɗannan wurare a Landan sun rufe tsakanin 2006 da 2017. Wanda ke da wannan tarihi a bayansa, in ya sa ido a kan ƙofarsa ba abin mamaki ba ne.

Doka ba ta hana shi sa idon ba. A nan ne yawancin ruɗanin yake, domin akwai ƙofofi da dama da aka bari a buɗe, kuma daga nesa sai su yi kama da wariya.

Mai mashaya yana da ikon hana kowa shiga saboda halinsa. Wanda ya bugu, wanda ya zo da zagi, gungun mutum 15 da suka sauko daga mota suna ihu, mai ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba, duk ana iya mai da su. Game da bugagge ma ba zaɓi ba ne, dokar lasisin giya ta 2003 ta sa tarar da ta kai fam 1,000 ga wanda ya sayar wa bugagge giya da saninsa a Ingila da Wales. Yana iya kafa ƙa'idar sutura, ko ya ce ba ya karɓar babban ayari, ko ya ce sai wanda ya yi rajista tun da rana. Sharaɗin shi ne ƙa'idar ta hau kan kowa. Idan ayarin ƙawayen amarya ya sha kora, amma ayari mai irin yawansu da irin hayaniyarsu ya wuce don an san nasu ne, ƙa'idar ta zama mayafi kawai. Ko da an yi wa kowa ita daidai, in ta fi cutar da wani rukuni, sai mai wurin ya nuna yana da dalili na ƙwarai kuma bai wuce gona da iri ba.

Haka kuma ba wanda ya ce ya canza wurinsa don baƙo. Yana iya rataya tutarsa, ya sa kiɗan da ya ga dama, ya rubuta a allo cewa wurin na su wane ne, ya ma faɗa wa mai shigowa irin wurin da zai shiga. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne mahaucin da ke sayar da naman halal kaɗai a Bradford. Ba mai tilasta masa ya kawo naman alade don wani ya nema, amma ba shi da ikon ƙin sayar wa Kirista tsokar rago.

Ƙofar da ta fi rikita mutane ita ce ta ƙungiya. Jadawali na 16 na dokar ya yarda ƙungiya ta taƙaita mambobinta, har da baƙinsu, ga mutanen da suka yi tarayya a abu ɗaya. Ƙungiyar mata zalla halal ce, ta kurame halal ce, ta Musulmi halal ce, ta masu neman jinsi ma haka. Launin fata ne kaɗai aka ce ba a kafa ƙungiya a kansa. Don haka gaskiya ne akwai wurin da za a ce maka sai nasu, kuma doka ta goyi bayansu. Sai dai kafin dokar ta kira abu ƙungiya, dole ya kasance da mamba 25 ko fiye, da ƙa'idojin shiga, da tantancewa ta gaske kafin a karɓi mutum. Mashayar da ke miƙa wa duk wanda ya biya fam 5 katin mamba a bakin ƙofa ba ƙungiya ba ce, kasuwa ce ta sa rigar aro. Shi ya sa jimlar nan ta "sai mambobi yau" da masu gadi ke yawan furtawa take da haɗari. In ana faɗa wa wasu ita, wasu kuma da ba su da kati suna wucewa ta gefenka, kai ne aka gani kana zaɓe.

Sai batun ɗauri. Ƙin yi wa mutum hidima ba laifin da 'yan sanda ke kama mutum a kansa ba ne. Ƙara ce ta neman diyya, wanda aka yi wa shi zai shigar da kansa a kotun gunduma, ko kotun sherif in a Scotland ne, cikin wata 6. Shari'ar da aka fi sani a wannan fanni ta ɗaya ɓangaren ce. A 2008 wasu ma'aurata Kirista masu masaukin baƙi a Cornwall suka hana maza biyu ɗaki mai gado ɗaya, bisa aƙidarsu. Magana ta kai Kotun Ƙoli a 2013, masu masaukin suka sha kaye. Diyyar fam 1,800 ce ga kowane ɗaya, jimilla 3,600, kuma ba wanda ya kwana a kurkuku. Ma'aunin da aka auna su da shi, shi za a auna mai mashayar da ya kori namiji da matarsa.

A takarda kenan. A aikace, wanda aka mayar daga ƙofar kulob ƙarfe 1 na dare, ko wane ne shi, yawanci tsaki zai yi ya tafi. Lauya da tsada, kuma in ka sha kaye ana iya ɗora maka kuɗin shari'ar abokin hamayya. Dokar ta ɗan sassauta a sashe na 136: in mai ƙara ya kawo abin da zai sa kotu ta ga alamar wariya, nauyi ya koma kan mai wurin ya nuna ba haka ba ne. Duk da haka, hakkin da sai mai hali ke iya nema, rabin hakki ne. Wannan shi ne aibin da na fi gani a dokar, ba fifikon da ake zarginta da shi ba.

Kada kuma a ɗauki hukuncin Birtaniya a kai shi ko'ina. A Amurka, dokar tarayya ta 1964 da ta shafi otal da gidajen abinci launin fata da ƙabila da addini da asalin ƙasa ta ambata, don haka wannan batu ya rage ga kowace jiha, kuma irin su California sun hana. A Najeriya tambayar ba ta ma taso ba, tunda dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga wanda ya buɗe ko ya shiga harkar irin wannan kulob.

Ga ɗan'uwa mai aikin ƙofa, abin da ya shafe ka kai tsaye yana sashe na 109 da na 110. Mai wurin yana ɗaukar alhakin abin da ma'aikacinsa ya yi, amma shi ma'aikacin ma ana iya sa sunansa a ƙara. "Oga ne ya ce" ba ta wadatar ba. Mafitar da aka ba ka ita ce in ubangidan ya tabbatar maka abin bai saɓa doka ba, kuma yarda da maganarsa abu ne da mai hankali zai yi. Shi kuma in ya san ƙarya ya faɗa maka, ya aikata laifin da ake cin tara a kansa. Don haka in manaja ya ce ka rage "irin waɗancan", ka nemi ya rubuto maka ƙa'idar ƙofa, ko da a saƙon waya ne. In ka mai da wani, ka faɗi dalilin da ya shafi abin da ya yi, ka shigar a littafin rahoto da lokacinsa. Ka kuma duba ranar ƙarewar lasisinka na SIA, hukumar da ke ba masu gadi lasisi a Birtaniya, domin tsayuwa a ƙofa ba tare da shi ba shi ne laifin da ke iya kai mutum ɗaurin wata 6.