Me ake nufi da "ciwon sanyi", kuma shi ne ke kawo ƙaiƙayi bayan saduwa?

In mace ta wayi gari da ƙaiƙayi a gabanta bayan ta kwana da mijinta, ko namiji ya ga kan gabansa ya yi ja yana raɗaɗi, abin da ake fara cewa shi ne "sanyi ne". Kalmar ta zama buhun da ake zuba komai a ciki: ƙaiƙayi sanyi, fitar farin ruwa sanyi, zafin fitsari sanyi, har ciwon mara da rashin haihuwa. A da, in an ce ciwon sanyi, gonoriya ake nufi, wato cutar da ke sa mugunya ta riƙa fita daga gaban namiji, fitsari kuma ya yi zafi. Wani likita Bajamushe, Albert Neisser, ne ya gano ƙwayarta a 1879. Yau kuwa sunan ya lulluɓe larurori da yawa waɗanda ba su haɗa komai ba sai wurin da suke fitowa, kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan aiki.

Abu na farko da likita zai so ya ji shi ne lokaci: yaushe aka sadu, yaushe abin ya fara? Ƙwayar cuta tana buƙatar kwanaki kafin ta yi ƙarfin da za ta nuna kanta. Saboda haka zafi ko ƙaiƙayin da ya taso nan take, ko cikin 'yan awanni, da wuya ya zama sabuwar cutar da aka ɗauka a wannan daren. Galibi fatar ce ta fusata.

Fatar wurin siririya ce, ba ta jure abin da fatar hannu ke jurewa. Gogayya ba tare da isasshiyar lema ba tana barin 'yan tsage-tsage da ido ba ya gani, sai an zo fitsari ko an zuba ruwa a ji raɗaɗi. Wannan ya fi samun mai shayarwa da wadda ta daina al'ada, domin sinadarin jikin da ke jiƙa wurin yana raguwa a lokutan nan. Sabulu mai ƙamshi, turare, man shafawa, da sinadarin kashe maniyyi da ake sa wa wasu kwaroron roba, duk suna iya sa wurin ya yi ja. Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya shiri da robar kanta: ko safar hannu ta roba suka sa sai fatarsu ta yi bori. Irin wannan borin wani lokaci cikin mintuna yake fitowa, wani lokaci sai bayan kwana 1 zuwa 3, shi ya sa mutum ba ya danganta shi da abin da ya shafa. Akwai kwaroron da ba na roba ba domin irinsu. Wasu matan ma, ko da yake ba su da yawa, maniyyin ne jikinsu ke yi wa bori, alamarsa kuwa in an sa kwaroro ba sa jin komai.

Sai kuma larurori biyu da ake yawan ɗora wa miji ko mata laifinsu alhali ba daga waje aka kwaso su ba. Kandida, wani nau'in fangas, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, dama tana zaune a jiki, sai ta yi yawa in an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko ana da ciki, ko ciwon suga. Tana zuwa da ƙaiƙayi mai tsanani da farin ruwa mai kauri, guda-guda, mara wari. Ɗayar kuma rikicewar ƙwayoyin da ke kare farji ce, ruwanta tsinkakke ne mai ƙarni, ƙarnin yana ƙaruwa bayan saduwa. Yawan wanke ciki da sabulu da cushe-cushe na cikin abin da ke jawo ta, wato abin da ake yi da sunan tsafta shi ne ke ɓata wurin.

Cututtukan da ake ɗauka ta saduwa kowacce da lokacinta. Gonoriya takan nuna cikin mako 2. Hafis kan fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi bayan kwana 2 zuwa 12. Tunjere na farawa da gyambo guda mara zafi bayan kamar mako 3, ya warke da kansa alhali cutar na nan cikin jini. Ƙazuwa ma ana ɗaukarta ta haɗa jiki, a karon farko sai ta yi mako 4 zuwa 6 kafin ƙaiƙayin dare ya fara. Kilamidiya kuwa yawancin masu ita ba sa jin komai, ita da gonoriya su ne ke hawa sama su toshe hanyar ƙwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sabbin kamuwa miliyan 374 a shekarar 2020 na gonoriya, kilamidiya, tunjere da tirikomonas, wata cutar saduwa mai sa ƙaiƙayi da fitar ruwa.

Inda kalmar sanyi ke cutar da mutane shi ne wajen magani. Tunda sunan ɗaya ne, sai a ɗauka maganin ma ɗaya ne, a sayo kafso a sha. Mai kandida in ta sha kafso ƙara wa cutar ƙarfi ta yi. Man shafawa mai sitiroyid, wato sinadarin rage kumburi, yana kwantar da ƙaiƙayi na kwana biyu, fangas ɗin kuma ya ci gaba da yaɗuwa a ƙarƙashi. Gonoriya kuma ta riga ta bijire wa magunguna da dama saboda irin wannan shan na kai-tsaye, yanzu allura ce babban maganinta.

In ja ne kawai da ɗan raɗaɗi, a wanke da ruwa zalla, a bar sabulu da duk wani sabon abin shafawa, a sa kamfai na auduga, a dakatar da saduwa. Fatar da ta fusata takan lafa cikin kwana 2 zuwa 3. In ba ta lafa ba, ko ana ganin ƙuraje, gyambo, mugunya, ruwa mai wari, ko ciwon yana tafiya yana dawowa, sai asibiti. Zazzaɓi da ciwon mara, kumburin maraina, ko mai ciki, ba a jira. Kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi jim kaɗan bayan saduwa na gaggawa ne. Wanda kuma yake tsoron ya haɗu da mai cutar HIV, akwai maganin kariya da ake sha kwana 28, amma dole a fara shi cikin awa 72.

A gaban likita a faɗi gaskiya: ranar da aka sadu, da wa, abin da aka shafa, maganin da aka riga aka sha. Kada a wanke ciki ko a shafa wani abu kafin a je, domin ruwan da za a ɗiba da auduga shi ne gwajin. In sakamako ya nuna cutar saduwa ce, duk wanda ake kwanciya da shi sai ya yi magani ko da ba ya jin komai, a kuma ƙaurace wa juna har kwana 7 bayan an gama, in ba haka ba cutar za ta yi ta kai-komo tsakaninsu.